Karfasa ko Tilafiya: Daga Ina Sunan Ya Fito?

Yau kifi za mu taɓa, wanda masunta ke fitarwa daga dam ɗin Shagari, ake soya shi a kasuwar Boɗinga. Iyayenmu karfasa suke ce masa, wasu su ce gargaza. Amma ku lura, da zarar ya shiga gidan abinci a birni, sai ya koma "tilafiya", kuɗinsa ma ya ƙaru. Da yawanmu mun ɗauka Turanci ne. To, ba Turanci ba ne.

Kalmar 'yar Afirka ce. A harshen Tswana, can Botswana da Afirka ta Kudu, "tlhapi" na nufin kifi. Kifi kawai, kowane iri. Wani likitan soja ɗan Sikotland, Andrew Smith, wanda ya zagaya wannan yanki yana tattara dabbobi, shi ya lanƙwasa kalmar ta yi kama da Latin, ya raɗa wa wani ɗan kifi suna Tilapia a 1840. Ni dai a ganina tambaya ya yi, "mene ne wannan?", aka ce masa "kifi ne mana", shi kuwa ya rubuta.

Abin dariyar bai ƙare ba. Daga baya masana suka sake rabon dangin, suka fitar da irin na kogin Nilu, wanda ake samu a ruwayenmu kuma aka fi kiwo a duniya, suka sa masa Oreochromis niloticus. Dalili? Wanda Smith ya gani a ƙasan ruwa yake tsaron ƙwansa, ita kuwa wannan macen a baki take goyon ƙwai har su ƙyanƙyashe, ba ta ko cin abinci. Misrawan dā sun ga haka, shi ya sa suka zana ta a kaburbura a matsayin alamar sabuwar rayuwa.

Yanzu ku je wajen Basarke a bakin gulbi ku ce masa "kifi" kuke so. Zai tambaye ku wanne: tarwaɗa, kurungu, ragon ruwa, giwan ruwa ko karfasa? Kowanne da inda yake kwana da komar da ake kama shi. Waɗannan sunaye ne nake tsoron yaranmu na birni sun fara saki. Ku a garinku, karfasa kuke cewa ko gargaza?