Abin da Bayan Wasiƙa Ke Faɗa: Alamomin Gidan Waya a Kan Wasiƙun Sojan Ruwa

A shekarar 1758, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai, wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Galatée ya taso daga Bordeaux ya nufi Quebec ta ƙasar Kanada ɗauke da mutum 181. Bai isa ba. Jirgin Ingila mai suna Essex ya tare shi a teku, aka kora shi zuwa Portsmouth, aka tsare mutanensa, jirgin kuwa aka sayar. Can gida, mata da iyaye suna ta aiko da wasiƙu, gidan waya na bin jirgin da su tasha-tasha a gaɓar Faransa, duk inda suka isa sai a ce ai ya tashi. Da labarin kamun ya tabbata sai aka tura su Ingila, suka faɗa hannun Hukumar Sojan Ruwa a Landan, aka jefa su ma'ajiya ba tare da an ɓalle jan kakin da aka liƙe su da shi ba. Wasiƙun sun haura ɗari. Sai bayan shekaru masu yawa wani masanin tarihi na Jami'ar Kambirij, Renaud Morieux, ya buɗe su a ma'ajiyar takardun tarihi da ke Kew, ya kuma buga nazarinsa a 2023.

Jama'a sun fi ɗokin abin da ke ciki, kuma ba laifinsu ba ne. Akwai wata dattijuwa Marguerite da ke ƙorafin ɗanta Nicolas Quesnel ya fi rubuto wa budurwarsa a kanta. Ta bakin wani marubuci ta yi ƙorafin, kamar dai yadda a da iyayenmu kan zauna gaban mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya su zayyana masa cikinsu. Amma ni a ganina manazarcin da ya tsaya a ciki kaɗai ya karanta rabin nassi ne. Cikin wasiƙa na nuna halin mai aikowa a rana guda. Bayanta ne ke ba da labarin hannuwan da ta ratsa, da inda tafiyarta ta tsaya.

Mai son karanta bayan wasiƙar Faransa ta wancan zamani, sai ya fara mantawa da kan sarki, domin Ingila ba ta fito da shi ba sai 1840, Faransa kuwa sai 1849. Ambulan ma ba a saba da shi ba. Takardar ce ake naɗewa, a liƙe da kaki, a rubuta adireshi a bayanta. Abu na farko da za a nema shi ne sunan garin da ta fito, wanda akan buga da hatimi a layi guda ko a rubuta da hannu. Na biyu, wata babbar lamba da aka ja da alƙalami a kan adireshin. Baƙo kan ɗauke ta a matsayin kwanan wata, alhali kuɗin ɗauko ne, kuma mai karɓa ke biya, ba mai aikowa ba.

Wannan tsari ne ya haifar da alamar da ta fi kowace amfani ga mai bin sawun wasiƙar da ba ta isa ba. Da zarar wasiƙa ta sauka a gari, kuɗinta ya zama bashi a wuyan shugaban gidan wayar garin. Idan ba a sami mai ita ba, dole ya sauke wannan nauyi kafin ya tura ta gaba, sai ya juya ta ya rubuta kalmar déboursé tare da sunan garinsa. Lissafinsa yake karewa, bai san tarihi yake rubutawa ba. To, idan aka jera irin waɗannan sunaye, aka haɗa da tashoshin da aka soke a adireshi aka sake rubuta wasu, aka kuma lura da bambancin tawada da na hannun marubuta, sai hanyar wasiƙar ta fito zango-zango.

A Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya juye: alamomin an tsara su ne don su ɓoye. Mai rubuta wa sojan ruwan Ingila sunan jirgi kawai yake sawa, sa'annan ya ce ta hannun Babban Gidan Waya na Landan, ko da kuwa jirgin yana Firitawun ko Iskandariyya. Wasiƙar da ta fito daga jirgi takan ɗauki tambarin jami'in tacewa, mai siffar allon kan kabari na Turawa, da gurbin sa hannu da kwanan wata. Hatimin da gidan waya ke buga mata ba ya ambaton gari, iyaka ya ce an karɓo ta daga jiragen Sarki. Daga 1943 aka koma rubuta cewa saƙon teku ne. Saboda haka ganin wannan tambarin tacewa shaida ce cewa daga wajen sojan ruwa wasiƙar ta taso.

Wadda ta taso daga gida kuwa tana ɗauke da kan sarki da hatimin garinsu da ranar da aka jefa ta. Idan jirgin ya nutse, sai a soke adireshin a buga mata umarnin Hukumar Sojan Ruwa cewa a mayar wa mai aikowa. A nan sai a gwada ranar hatimi da ranar da jirgin ya halaka. Alal misali, jirgin Hood ya nutse ranar 24 ga Mayu, 1941, kuma cikin mutum 1,418 uku kacal suka tsira. Wasiƙar Hood da aka dawo da ita, in hatiminta ya riga wannan rana da kwanaki, an rubuta ta ne ga mai rai, mutuwa ta riga ta isa gare shi.