Hatsarin jirgin Nigeria Airways mai lamba 825

Jirgin Nigeria Airways mai lamba 825 jirgin fasinja ne da ya taso daga Landan zuwa Legas, ya yada zango a Rum da Kano. A ranar 20 ga Nuwamba, 1969, bayan ya bar Kano, ya faɗi cikin daji yana gab da sauka a filin jirgin sama na Ikeja. Duka mutum 87 da ke ciki sun rasu, fasinjoji 76 da ma'aikata 11. Shi ne hatsarin jirgin sama mafi muni a Najeriya har zuwa na alhazai da ya auku a Kano a watan Janairun 1973. Ana lissafa shi cikin haɗurran da jirgi lafiyayye ke dukan ƙasa saboda matuƙansa ba su lura da tsayin da suke kai ba.

Jirgin

Jirgin ƙirar Vickers VC10 ne, na Ingila, mai injina huɗu a jikin wutsiya. An ƙera irinsa ne don filayen ƙasashe masu zafi da gajeren titi, shi ya sa ya dace da hanyoyin Afirka. Wannan jirgi na kamfanin BOAC ne a da, Nigeria Airways ya saye shi kimanin wata biyu kafin hatsarin, aka yi masa rajista da lamba 5N-ABD. Kafin ranar babu wani VC10 da ya taɓa yin hatsarin da aka rasa rai.

Yadda abin ya faru

Daga Kano zuwa Legas ya ɗan haura kilomita 800 ta sama. Jirgin ya nufi titi mai lamba 19, wanda ake shigowa ta arewa. Matuƙan sun riga sun sauke tayoyi, sun buɗe wani sashe na faifan fukafukai, wato suna cikin shirin sauka kamar kullum. Sai jirgin ya bugi kawunan bishiyoyi kimanin kilomita 13 kafin titin, ya faɗi ya kama da wuta.

Wannan nisa shi ne abin dubawa. Jirgin da ke bin gangaren da aka saba, na digiri 3, kamata ya yi a ce yana sama da ƙafa 2,000 daga ƙasa idan saura kilomita 13. Ke nan kuskuren ba na ƙafa ɗari ko ɗari biyu ba ne, jirgin ya daɗe yana yin ƙasa ba wanda ya tsayar da shi.

Bincike

Lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, don haka jita-jita ta yi yawa. An tsinci bindigogi uku a cikin tarkacen, wasu suka ce faɗa ne ya kaure a cikin jirgin. Masanin makamai da ya duba su ya gano ba a harba ko ɗaya ba a kwanakin. Na'urar da ke naɗar bayanan tafiya kuwa ba ta aiki a ranar, saboda haka masu bincike ba su iya yanke hukunci kai tsaye ba. Abin da suka fi rinjayarwa shi ne matuƙan sun bar jirgin ya sauko ƙasa da tsayin da aka ƙayyade alhali ba sa ganin ƙasa da idonsu. An kuma ambaci gajiya, ganin cewa tafiyar dare ce mai zango-zango.

Yadda kuskuren tsayi ke aukuwa

Lokacin gangarowa ne aiki ya fi yi wa matuƙa yawa. Suna magana da hasumiya, suna karanta jerin abubuwan dubawa, suna rage gudu, suna neman titi da ido. Na'urar auna tsayi, altimita, ba tazarar jirgi da ƙasa take aunawa ba, nauyin iska take aunawa ta mayar da shi ƙafa. A can sama kowane jirgi kan saita ta a kan ma'auni ɗaya, hektofaskal 1013, in an gangaro kuma sai a sauya zuwa ma'aunin filin da za a sauka, wanda hasumiya ke faɗa ta rediyo. Kuskuren hektofaskal ɗaya kusan ƙafa 28 ne. A watan Mayun 2022 an bai wa wani jirgin Airbus A320 lamba 1011 maimakon 1001 yayin da zai sauka a Faris cikin ruwan sama. Altimita ta nuna komai daidai, amma jirgin yana ƙasa da kusan ƙafa 280, kuma ƙafa 6 kacal ta rage ya taɓa ƙasa kafin ya sake tashi.

Wani lokacin kunne ne ke yin kuskuren: hasumiya ta ce ƙafa 11,000, matuƙi ya ji 10,000. Don haka doka ta ce sai ya maimaita umarnin da bakinsa, abokin aikinsa kuma ya duba lambar da aka shigar. Wani lokacin an ji daidai amma an zarce. A ranar 12 ga Nuwamba, 1996, wani jirgin Kazakistan da aka umarta ya tsaya a ƙafa 15,000 kusa da Delhi ya ci gaba da gangarowa, ya yi karo da jirgin Saudiyya da aka ba ƙafa 14,000. Mutum 349 suka mutu.

Akwai kuma shagala. Jirgin Eastern Air Lines mai lamba 212 ya faɗi kafin ya kai titi a Charlotte ta Amurka a 1974, matuƙansa na hirar siyasa da motoci cikin hazo. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1981 hukumar jiragen saman Amurka ta hana duk wata hira da ba ta aiki ba idan jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000.

Bayan hatsarin

A 1969 jiragen fasinja ba su da na'urar da ke yi wa matuƙi kashedi da murya idan ƙasa ta matso, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka fara wajabta ta. Da wuya a ce jirgin 825 ya kai ga bishiyoyin nan shiru da yana ɗauke da ita. Duk da haka irin hatsarin ya sake faruwa a Najeriya: a ranar 28 ga Nuwamba, 1983, wani Fokker F28 na Nigeria Airways ya faɗi kafin ya kai titin Inugu cikin rashin gani sosai, mutum 53 suka rasu.

A arewa matsalar ta fi tsanani da hunturu, lokacin da ƙurar hazo kan rufe filayen Kano da Sakkwato, inda alhazan Talata Mafara da Bakura da Maradun suka daɗe suna tashi. Ga kowace hanyar sauka akwai tsayin da aka rubuta wanda matuƙi ba zai wuce shi ba sai ya ga titi ko fitilunsa. Idan bai gani ba, dole ya sake tashi ya zagayo, ko ya karkata zuwa wani filin.