Uwa a San Diyego, 'Ya a Shikago

A watan Nuwamba na 2017 wata mata 'yar Kwango ta iso iyakar Amurka ta wajen San Diyego riƙe da ƙaramar 'yarta, tana neman mafaka. Ba ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba, ƙofar hukuma ta bi. Bayan 'yan kwanaki jami'ai suka raba su. Aka tsare uwar a Kalifoniya, aka kai yarinyar wani gidan kula da yara a Shikago, tazarar kusan mil 2,000. Sai da ƙungiyar ACLU ta shigar da ƙara a Fabrairun 2018, aka yi gwajin DNA ya tabbatar 'yarta ce, sannan suka sake haɗuwa a watan Maris. A takardun kotu ana kiranta Ms. L, kuma da wannan suna aka san shari'ar.

Tushen rikicin ya girmi wannan mata. A 1985 hukumar shige da fice ta tsare wata yarinya 'yar shekara 15 daga El Salbado, Jenny Flores, a wuri ɗaya da manya. Hukumar ta ce ba za ta sake ta ba sai ga mahaifi ko waliyyi na doka, ita kuwa mahaifiyar tana tsoron idan ta zo a kama ta. An yi shekaru ana tafka shari'a har gaban Kotun Ƙoli a 1993, aka ƙare da yarjejeniyar Flores a 1997: a saki yara ba tare da jinkiri ba, idan kuma ya zama dole a riƙe su, to a wuri mai lasisi da ya dace da yaro. A 2015 mai shari'a Dolly Gee ta ce kariyar ta shafi har yaran da suka zo tare da iyayensu, daga nan ne aka riƙa ɗaukar kwana 20 a matsayin iyaka.

Yarjejeniyar ta kare yaro, amma ba ta ce komai game da sakin uwa ko uba ba. Ta wannan kafa aka bi a 2018. A watan Afrilu Babban Lauyan Gwamnati Jeff Sessions ya ba da umarnin gurfanar da duk wanda ya tsallaka iyaka ba bisa ƙa'ida ba. Da zarar an kai uba gidan yari, sai a rubuta ɗansa a matsayin yaron da ba shi da rakiya, a miƙa shi ga ma'aikatar lafiya. Hukumomin ba su da rajista ɗaya da ta haɗa sunan yaro da na mahaifinsa. Bayan surutu ya yi yawa, Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin dakatarwa ranar 20 ga Yuni. Ranar 26 ga wata mai shari'a Dana Sabraw, wanda ke sauraron ƙarar Ms. L, ya ba gwamnati kwana 14 ta mayar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sauran kuma kwana 30. Yara sama da 2,500 umarnin ya shafa tun farko, kuma an riga an tasa ƙeyar ɗaruruwan iyaye zuwa ƙasashensu ba tare da 'ya'yansu ba.

Akwai wata hanyar rabuwa da ba ta cika fitowa a labarai ba. Tsare baƙo aikin gwamnatin tarayya ne, amma riƙon yara aikin kotunan jihohi ne. Wata dokar 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 cikin 22 a hannun masu riƙo, jiha ta nemi a soke haƙƙin iyayensa, sai fa in akwai dalili mai ƙarfi. Uwar da ke kulle ba ta iya zuwa kotu, ba ta iya ziyara, wani lokaci ko takardar sammaci ba ta isa gare ta da harshen da take ji. Haka ta faru da wata 'yar Gwatamala da aka kama a samamen wata masana'antar kaji a Mizuri a 2007. Aka ba wasu ma'aurata jaririnta. A 2011 Kotun Ƙolin jihar ta ce an tafka kuskure, a sake shari'a, amma a 2012 alƙali ya bar yaron inda ya saba.

A 2013 hukumar ICE ta fitar da umarnin a taimaka wa iyayen da ke tsare su halarci shari'ar 'ya'yansu. An rage masa ƙarfi a 2017, aka sake faɗaɗa shi a 2022. A ƙarshen 2023 kotu ta amince da sulhu a shari'ar Ms. L wanda ya hana irin rabuwar 2018 har shekara takwas. Umarnin hukuma yana canzawa da canjin gwamnati, shi kuma sulhun yana da wa'adi. Yaron da aka ɗauke yana rarrafe kuwa, ko da an mayar da shi, sai an koya masa wace ce uwarsa.