Taswirorin da Suka Raba Gumel da Tumbi

Duk ranar Alhamis shanu da raƙuma kan shigo kasuwar Maigatari daga Dungas da Magarya da Damagaram, su tsallake wani layi da makiyayi ba ya ganinsa a ƙasa. A takarda aka haifi layin nan, kuma sau huɗu Ingila da Faransa suna zama a kansa kafin ya tsaya inda yake.

Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gumel a Maris na 1851, ya iske babbar kasuwar kanwa a ƙasar Mangawa mai biyayya ga Barno. Taswirar da Petermann ya zana daga bayanansa hanyoyin fatake ta nuna da garuruwa. Babu Najeriya a ciki, babu Nijar.

A 1890 aka fara jan layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A 1898 aka sake, aka dasa tsinken zane a kan Sakkwato aka kewaya mil 100. Sai Faransawa suka farga cewa an tura su cikin hamada: babu rijiyoyin da ayarin soja zai bi daga kogin Kwara ya isa Damagaram. Suka yi ta ƙorafi har 1904, inda Ingila ta yarda a turo iyakar kudu, su kuma suka saki haƙƙinsu na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada. Wato da kifin tekun da Bagumale bai taɓa ji ba aka yi cinikin rijiyoyin Ƙasar Hausa. Yarjejeniyar Landan ta 29 ga Mayu 1906 ce ta rufe maganar.

Daga nan Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908, suna auna wuri da taurari, suka kafa alamomi 148. Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo mazauninsu na yanzu, ta faɗa ɓangaren Faransa. Tawagar Tilho ba awo kaɗai ta yi ba. Tafintanta Landeroin ya tattara tarihin masarautu daga bakin dattawa, har shi da Tilho suka wallafa ƙamus na Hausa.

To, ina waɗannan takardu yau? Mai nema sai ya nufi Landan ko Faris, ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Kuma tsohuwar taswira ba ta da juriya a yanayinmu. Hunturu yana busar da ita har ta riƙa karyewa a kan ninki, damina ta sa mata rima, gara ta ƙarasa. Mai neman gyara ma kan yi ɓarna: salatif yana barin jan tabo ya cinye tawada, like ta cikin leda da zafi kuwa ba a warware shi. Abin da taswira take so shi ne a shimfiɗe ta a faffaɗan aljihun tebur, nesa da rana, a ɗauki hotonta a bar masu bincike su yi aiki da hoton.

Kada a ɗauka kayan ado ne. A 2002 da takardun Turawa irin waɗannan Kotun Duniya ta yanke hukuncin Bakassi da Darak tsakanin Najeriya da Kamaru.

Muna kira ga Masarautar Gumel da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su nemo kwafin taswirorin iyakar nan su adana a gida. A kafa ɗaya a bangon ofishin yankin ciniki maras shinge na Maigatari, fatake da 'yan makaranta su gani.