Yadda ƙarfe ke riƙe gaz ba tare da ya damƙe shi ba

Gaz ɗin girki da ake sayarwa a Boukoki da sauran unguwannin Yamai galibinsa butan ne. Kowace ƙwayarsa tana ɗauke da zarra 4 na kabon da 10 na haidrojin. Shi da metan da yawancin abin da ke cikin esans da gazuwal dangi ɗaya ne, ana kiransu haidrokabon. An san su da taurin kai: in ba wuta aka kunna musu ba, da wuya su haɗu da wani sinadari.

Amma wasu ƙarafa, irin su platin da rodiyom da reniyom, suna iya riƙe su. Idan zarrar ƙarfen tana tsakiyar wasu ƙwayoyi da suka kewaye ta, aka bar mata gurbi ɗaya, sai mahaɗin kabon da haidrojin ya jingina a gurbin, ya ara mata ilektoron biyu, ba tare da ya tsinke ba. Riƙon sako-sako ne, ɗan ɗumi ya isa ya raba su.

Shi ya sa aka daɗe ba a gan shi ba. A 1983 Maurice Brookhart da Malcolm Green suka sa wa irin wannan jingina suna "agostik", idan ta faru a cikin ƙwaya ɗaya. A 1998 masana a Ostareliya suka gano reniyom riƙe da haidrokabon cikin tsananin sanyi. A 2009 Brookhart da abokan aikinsa a Amurka suka ga rodiyom riƙe da metan, a sanyin digiri 110 ƙasa da sifili.

Wannan jingina ita ce matakin farko kafin a tsinke mahaɗin a sarrafa gaz. Bafaranshe Paul Sabatier, mai lambar Nobel ta 1912, ya nuna cewa ƙarfen da ke hanzarta irin wannan aiki dole ya kama kuma ya saki. In ya damƙe, aiki ya tsaya. Da wannan ƙa'ida platin da paladiyom na cikin salansar mota ke ƙarasa ƙone ragowar esans.

Nijar tana tace ɗanyen man Agadem a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. A rijiyoyin mai da yawa na duniya ana ƙone metan a banza saboda wuyar ɗaukarsa. Burin masana shi ne samun ƙarfen da zai riƙe shi daidai gwargwado, a mayar da shi metanol, ruwan da tanka za ta iya ɗauka.