Fada da Zauren Jama'a: Masu Riƙon Mawaƙa a Isa da New York

A ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har Isa da Tozai, makaɗin fada ubangida guda gare shi, shi ke ci da shi, shi ke ba shi doki da riga. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Don haka galibin waƙoƙinsa yabon sarauta ne, da zambo ga magautan sarki.

Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa birnin New York na Amurka kuwa ba su da sarki. Sai suka kafa ƙungiyar samarinsu a 1874, wadda daga baya aka san zaurenta da sunan 92nd Street Y. A 1939 William Kolodney ya buɗe sashen waƙa a cikinsa, watau mawaƙi ya tsaya ya karanta waƙarsa, mai sauraro ya biya kuɗin shiga. Tun da abin hasafin daga hannun jama'a ya fito, babu wanda ya zama tilas a yaba. Abin lura kuma, ba Yahudawa kaɗai aka ba dandalin ba. A nan Dylan Thomas, mutumin Wales, ya gabatar da wasansa a 1953, a nan kuma Alvin Ailey, baƙar fatar Amurka, ya fara nuna rawarsa mai suna Revelations a 1960.