Annabin da Ba a Naɗa Ba

A Littafi Mai Tsarki, annabci ba sarauta ba ce da ake naɗa mutum. Amos makiyayi ne daga Tekowa. A zamanin Sarki Yerobowam na biyu ya tafi Betel yana tsawata wa masu zaluntar matalauta, har firist Amaziya ya umarce shi ya bar garin.

Irin wannan ta sami William Wade Harris, mutumin Laberiya, wanda ya ce Mala'ika Jibra'ilu ya kira shi a kurkuku a 1910. Daga 1913 ya bi gaɓar Kwaddibuwa a ƙafa, da sandar gicciye a hannu, ya yi wa dubban mutane baftisma. Yawan mabiyansa ya tsorata Faransawa, suka kore shi a 1915. Da 'yan mishan Methodist suka iso a 1924, sai suka tarar da majami'u cike, ana jiran malamai.